A daina saya wa 'yan hokin ƙanƙara sandar da ta fi ƙarfinsu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu taɓo wani abu da ba a cika ganinsa a shafin wasanni ba, wato sandar da ake buga hokin ƙanƙara da ita. Cikin masu karanta ka a intanet akwai iyayen da ke zaune a Kanada da Amurka da Suwidin da Finlan da sauran ƙasashen sanyi, inda yaro kan dawo daga makaranta ya ce shi ma lallai sai an sa shi a ƙungiya. Uban da bai taɓa taka ƙanƙara ba sai ya tsinci kansa gaban sanduna jere reras, kowace da lambobi da haruffa a jikinta, ya rasa ta inda zai fara. Akwai kuma manya da suka fara wasan da girmansu. Kuskure ɗaya ne dukkansu suke ta maimaitawa, kuma shi ya sa muka ɗauki alƙalami: a sayi sanda doguwa mai taurin da ya fi ƙarfin mai ita, a zo gida a yanke ta, ta ƙara tauri, sannan a yi ta mamakin me ya hana faifan da ake bugawa tashi.

Sandar kashi biyu ce. Akwai ƙota, wadda ake riƙewa, akwai kuma tafi, wanda ke kwance kan ƙanƙara yana tura faifan robar da ake kira fak. Inda tafin ya haɗu da ƙota shi ne dunduniya, ɗaya ƙarshen kuma goshi. Faifan kansa kaurinsa inci 1 ne, faɗinsa inci 3, nauyinsa tsakanin giram 156 da 170, kuma a manyan wasanni sai an daskarar da shi kafin a fara don kada ya yi ta tsalle. Wannan ɗan abin ne ake so sanda ta karɓa, ta riƙe, ta harba.

Tambayar farko ita ce ta hannu, domin idan aka kuskure ta sauran lissafin duk ya tashi a banza. A hokin ciyawa sanda iri ɗaya kowa ke riƙewa, amma a na ƙanƙara akwai ta hagu akwai ta dama. Hannun da ke ƙasa shi ke ba sanda sunanta. Idan hannun dama na sama a ƙarshen ƙota, na hagu na ƙasa, tafin kuma yana gefen hagun ɗan wasa, to sandar hagu ce. Mutane da yawa kan ɗauka cewa mai rubutu da dama sandar dama zai riƙe. Ba lallai ba ne. Hannun sama shi ke juya tafi, shi ke sarrafa faifai, shi ne kuma ke riƙe da sanda shi kaɗai idan ana gudu ko ana ƙoƙarin zungure faifai daga abokin hamayya. Saboda haka masu horarwa da yawa, musamman a Kanada, sun fi son hannu mai ƙarfi ya kasance a sama, kuma mafi yawan 'yan wasan gasar NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, da sandar hagu suke bugawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a miƙa wa yaro shebur ko tsintsiya mai doguwar ƙota ba tare da an ce masa komai ba, a tsaya a ga yadda hannayensa suka faɗa da kansu. Ga ƙananan yara ƙwarai akwai sanduna masu miƙaƙƙen tafi, waɗanda ake iya riƙewa ta kowane gefe har a gane inda yaron ya fi sakewa.

Sai tsawo. A tsayar da sanda a gaban ɗan wasa, goshin tafin yana ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ƙota ta bi jikinsa zuwa sama. In yana sanye da takalman sulu, wato na tafiya kan ƙanƙara, ƙarshen ƙota ya tsaya tsakanin haɓa da hanci. In ba takalman, ya kai hanci, tunda takalman na ƙara wa mutum tsawo. 'Yan gaba masu son wasa da faifai kusa da ƙafa sukan zaɓi haɓa ko ma ƙasa da ita kaɗan, 'yan baya kuma sukan bar ta ta kai hanci don su samu miƙa. Sanda in ta yi tsawo da yawa, ƙarshenta kan riƙa tokare cikin ɗan wasa duk lokacin da ya so ratsa faifai ta gabansa, goshin tafin ya ɗaga sama, faifai ya yi ta sulalewa ta ƙarƙashi. In ta yi gajarta kuma, mutum ya yi ta sunkuyo da baya maimakon ya lanƙwasa gwiwa, kansa a ƙasa, bai ganin wanda ke zuwa ya bangaje shi. A dokar NHL, tsawon ƙota daga dunduniya zuwa ƙarshe ba ya wuce inci 63, sai dai ɗan wasan da ya kai ƙafa 6 da inci 6 na iya neman izinin kaiwa inci 65.

Yanzu ga inda muke so a tsaya a natsu, wato lambar tauri, wadda masu wasan ke kira fileks. A jikin kowace ƙota za a ga lamba kamar 40, 55, 77 ko 85. Ma'anarta ita ce laba nawa na ƙarfi ake bukata kafin ƙotar ta lanƙwasa da inci ɗaya a tsakiya. Ƙaramar lamba, sanda mai laushi. Babbar lamba, sanda mai tauri.

Wanda bai san wasan ba zai ce ai gara mai tauri, ta fi duka. Abin ba haka yake ba, domin sandar hoki ba dukan faifai take yi kamar kulki ba, harba shi take yi kamar baka. A duba babban bugu, wanda ake ɗaga sanda sama a sauko da ita. Tafin ba faifan yake fara samu ba. Ƙanƙara yake fara duka, 'yan inci kaɗan a bayan faifan. A wannan ƙiftawar ido ɗan wasa na danna nauyin jikinsa ta hannun ƙasa, ƙota ta gantsare, ta tara ƙarfi, sannan da tafin ya iso faifai ta miƙe da kanta ta watsa shi. Duk wanda ya taɓa ganin hoton da aka ɗauka daidai wannan lokacin zai ga ƙotar ta yi kamar za ta karye biyu. Da irin wannan bugun Zdeno Chara, mai tsawon ƙafa 6 da inci 9, ya harba faifai da gudun mil 108.8 a awa, wajen kilomita 175, a gasar gwanintar taurarin NHL a Otawa a 2012. Bugun wuyan hannu ma haka yake, sai dai a taƙaice: a jawo faifai, a danna, ƙota ta ɗan lanƙwasa, ta saki. To, idan mai sanda ba shi da nauyi ko ƙarfin da zai lanƙwasa ta, duk wannan taimakon ya rasa shi. Sanda ta zama sandar ƙarfe a hannunsa, shi kaɗai ke aikin.

Ƙa'idar da aka saba farawa da ita ita ce rabin nauyin jiki a laba. Mai auna kansa da kilo sai ya ninka nauyinsa da 1.1, zai faɗa kusa. Yaro mai kilo 30 wajen 33 ke nan, mai kilo 50 wajen 55, babba mai kilo 70 wajen 77. A ra'ayinmu wannan lamba rufi ce, ba dabe ba. Sabon shiga, da yaron da bai gama yin ƙwari ba, da duk wanda bugun wuyan hannu ya fi yawa a wasansa, gara su sauko ƙasa da ita da biyar ko goma. Wanda zai tsaya a kanta ko ya haura shi ne ƙaƙƙarfan ɗan baya mai yawan babban bugu daga nesa, ko ɗan tsakiya da ke kokawar faifai duk lokacin da alƙalin wasa ya jefa shi tsakani. Kamfanoni kuma ba lambobi ɗaya suke bugawa ba. Bauer na da 77 da 87 da 102, CCM na da 75 da 85 da 95. Lamba ɗaya ma a kamfani biyu ba lallai ta zo daidai a hannu ba, saboda haka gwadawa ta fi karanta lamba.

Ga yadda ake gwadawa. A sa tafin a ƙasa kamar za a yi bugu, hannun sama a ƙarshen ƙota, na ƙasa wajen tsakiya. A jingina nauyi a hankali ta hannun ƙasa. Sandar da ta dace za ta ba da kai wajen inci ɗaya ba tare da an yi nishi ba. In sai an cije leɓe an ɗaga ƙafa ɗaya kafin ta motsa, a mayar da ita. In kuma da ɗan taɓawa ta lotse kamar ba za ta tsaya ba, ta yi laushi. Amma a lura: idan za a yanke inci uku daga baya, a sauko da hannun sama inci uku tun wajen gwajin, domin sandar da za a tafi da ita fili ke nan.

Wannan batun yankan shi ne ramin da ya fi cin mutane. Yankan ƙota ba ya canza kayan da aka yi ta da su, amma yana rage tazarar da hannu ke da ita don lanƙwasa ta, kamar yadda guntun kara ya fi dogo wuyar tanƙwarawa. A ƙiyasin masu sana'ar, kowane inci ɗaya da aka cire na ƙara taurin da kamar 3 zuwa 5. Sandar manya kan zo da tsawon inci 60 ko kusa da haka. A ce mutum mai matsakaicin tsawo ya ɗauki mai lamba 85 ya cire inci huɗu. Abin da ke hannunsa yanzu ya doshi 100, irin wadda ƙato mai fiye da kilo 90 zai riƙe. Wasu kamfanoni na buga layuka a saman ƙota da ke nuna lambar da za ta koma in an yanke a nan, sai a duba. Maganin abin shi ne a sauka rukuni. Sanduna rukuni huɗu ne: na ƙananan yara, masu lamba wajen 20 zuwa 30, na yara, wajen 30 zuwa 50, na matasa, wajen 55 zuwa 65, sai na manya daga 70 zuwa sama da 100. Kaurin ƙota ma na raguwa yayin da ake saukowa, don ƙaramin hannu ya iya zagaye ta. Babu abin kunya ga babban mutum marar jiki, namiji ko mace, ya riƙe sandar matasa. Mata da yawa da ke buga wasan da ita suke bugawa, kuma daidai ne.

Muna jin iyaye na cewa ai yaro girma yake yi, bari a saya masa wadda zai tarar a gaba. Mun fahimci dalilin, kayan wasan nan ba su da araha. Amma yaron da ya shekara biyu da sandar da ba ya iya lanƙwasawa zai koyi kwasar faifai kamar mai kwasa da shebur don ya tashe shi sama, yana jingina da baya, nauyinsa a ƙafar baya. Wannan ɗabi'a in ta zauna, cire ta ya fi koyar da sabon yaro wuya. In dai don a tsimi kuɗi ne, gara a sayi mai sauƙin kuɗi wadda ta yi masa daidai yau, da ya ƙara tsawo a sa mata ƙari a ƙarshen ƙota.

Laushi ma in ya wuce kima yana da nasa aibin. Alamunsa su ne bugu ya riƙa bauɗewa yau hagu gobe dama, tafin ya yi rawa in an miƙo faifai da ƙarfi, kuma a kokawar jikin katanga a riƙa ture sandar cikin sauƙi. Wanda ya ga haka ya hau mataki ɗaya, ba uku ba.

Akwai wata lamba da ba a cika kula ta ba, ita ce lambar kwanciya, wato kusurwar da ke tsakanin ƙota da tafi. Yawanci 4 ce zuwa 7, kuma 5 da 6 sun fi yawa. Lamba 5 na nufin digiri 135, kowane mataki kuma digiri biyu ne. Ƙaramar lamba ta dace da mai duƙawa sosai yana tura faifai can gabansa. Babbar lamba ta dace da mai sulu a miƙe yana riƙe faifai kusa da ƙafa. Ba sai an yi dogon lissafi ba, tsohuwar sanda za ta faɗi gaskiya. A juya ta a dubi tef ɗin da ke ƙarƙashin tafi. In ya cinye ko'ina daidai, kwanciyar ta yi. In dunduniya kaɗai ta cinye har baƙin kabon da aka yi tafin da shi ya bayyana, goshi kuma tef ɗinsa na nan fes, to goshin a sama yake yawo: ko dai sandar ta yi tsawo, ko ana bukatar ƙaramar lamba. In goshi ne ya cinye, ana bukatar babba. A fara gyara tsawo kafin a zargi kwanciya, domin sau da yawa inci ɗaya da aka rage ya isa ya kwantar da tafin.

Sai kwarmin tafi, wanda shi ne abin da 'yan wasa suka fi yin musu a kansa. Da can tafin miƙaƙƙe ne. A shekarun 1960 Stan Mikita da Bobby Hull na ƙungiyar Shikago suka yayata lanƙwasasshen tafi, faifai ya fara tashi yana nutso ta yadda masu tsaron raga, waɗanda da yawansu ko abin rufe fuska ba sa sawa a lokacin, ba sa iya karanta shi. Daga nan aka sa doka. Yau a NHL zurfin kwarmi ba ya wuce kashi uku cikin huɗu na inci, tsawon tafin kuma ba ya wuce inci 12 da rabi. Dokar nan ta taɓa juya gasa sukutum. A wasa na biyu na ƙarshen Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1993, Kings ta Los Anjalas na gaban Canadiens ta Montiriyal da ci 2 da 1, saura ƙasa da minti biyu. Mai horar da Montiriyal, Jacques Demers, ya nemi a auna sandar Marty McSorley na Kings. Aka tarar kwarminta ya wuce ƙa'idar lokacin, wadda rabin inci ce, aka fitar da shi na minti biyu. Eric Desjardins na Montiriyal ya farke, ya kuma ci ta nasara a ƙarin lokaci, Montiriyal ta ci sauran wasanni uku a jere ta ɗauki kofi.

Abu uku ake dubawa a kwarmi: inda ya fi zurfi, ko a dunduniya ko a tsakiya ko a goshi, yawan zurfinsa, da yadda fuskar tafin ta buɗe tana kallon sama. Buɗaɗɗiyar fuska na ɗaga faifai da sauri, amma tana sa sabon shiga ya riƙa wuce saman raga, kuma tana wahalar da bugun bayan tafi. Samfura uku suka cika kasuwa. P92 na Bauer, wanda CCM ke kira P29, Warrior kuma W03, kwarminsa daga tsakiya zuwa goshi yake, fuskarsa a buɗe, kuma shi aka fi yayi. P88 kwarmin tsakiya ne, fuskarsa ba ta buɗe sosai ba, yana riƙe faifai lafiya, yana miƙa shi a kwance, bayan tafinsa kuma na aiki. P28 kwarmin goshi ne, na mai jawo faifai da bakin sanda ya fizge shi sama daga kusa da raga, amma ba ya yafe kuskure: in faifai bai zauna a goshi ba bugun ya lalace. Mu dai in aka tambaye mu, mai koyo ya fara da P88, ko P92 in bai samu ba, ya bar P28 sai hannunsa ya faɗa. Kuma kada sunan tauraron da aka manna wa samfuri ya ruɗi kowa. Sunayen na canzawa in kwangila ta canza, kuma sau da yawa tauraron kansa da wani kwarmi na musamman yake bugawa. Lambar ita ce abin riƙewa.

Batun gurbin da ƙota ta fi lanƙwasa ba zai ɗauke mu lokaci ba. Mai lanƙwasa ta ƙasa, kusa da tafi, irin Vapor na Bauer da Ribcor na CCM, na sakin faifai da wuri, ta dace da ɗan gaba mai bugun gaggawa. Mai lanƙwasa ta tsakiya, irin Nexus da Tacks, na ɗaukar ɗan lokaci ta tara ƙarfi, ta dace da mai cikakken bugu daga nesa. Bambancin gaskiya ne, amma sai wanda ya riga ya iya lanƙwasa sandarsa ne zai ji shi.

Kayan da ake yin sandar sun sha canji. Mutanen Mi'kmaq na gabashin Kanada su ne suka yi suna wajen sassaƙa sandunan farko daga itace guda, har kamfanin Starr na Nova Scotia ya riƙa sayar da sanduna da sunan Mic-Mac. Daga baya aka zo da katako mai rufin zaren gilashi, sai ƙotar alminiyam da ake cusa wa tafin katako, irin wadda shahararren ɗan wasa Wayne Gretzky ya riƙe a farkon shekarun 1990. A farkon shekarun 2000 Synergy ta kamfanin Easton ta buɗe ƙofar sanda guda ta zaren kabon, kuma yau kusan ita kowa ke riƙewa. Ta katako har yanzu tana nan, tana da araha, tana kuma isar da motsin faifai zuwa hannu da kyau, sai dai nauyinta kan haura giram 600, tana shan ruwa, tana saki da amfani. Ta kabon mafi tsada kan sauko ƙasa da giram 400, masu sauƙin kuɗi kuma, da aka gauraya da zaren gilashi mai yawa, sun fi ta nauyi. Abin da ya kamata a sani shi ne tsada rashin nauyi take saya, ba ƙarko ba. Bangon ƙotar mai tsada siriri ne, sara ɗaya mai kyau daga sandar abokin hamayya na iya barin tsagar da ido ba ya gani, bayan kwana biyu ta ɓalle a tsakiyar bugu. Ga mai koyo, ta tsaka-tsaki ko samfurin bara ya wadatar. A kuma ɗaga ta a ji inda nauyin ya taru, domin sandar da nauyinta ya rinjaya wajen tafi ta fi gajiyar da wuyan hannu ko da a sikeli ba ta fi wata ba. Jikin ƙota ma iri biyu ne, mai danƙo da mai santsi. Mai danƙo ba ta juyawa a safar hannu lokacin bugu, mai santsi kuma hannun ƙasa ya fi zirga-zirga a kanta. Wannan kowa da wanda ya karɓe shi.

In an zo yanka, a sa takalman sulu a auna, a yi alama, sannan a ƙara rabin inci sama da alamar, tunda abin da aka cire ba ya dawowa cikin sauƙi. A zare murfin da ke ƙarshen ƙota a ajiye. A naɗa tef zagaye ɗaya daidai wurin yankan don kada zaren kabon ya tsattsage. A yi amfani da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, a tafi a hankali ba tare da dannawa ba, ana juya ƙota ana bin kowace fuska. A goge bakin da sanfefa, a share ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a hura ta, domin ba ta da kyau ga huhu da ido. A mayar da murfin. Ƙota rami ce a ciki, bakinta a buɗe na iya yanka mutum, shi ya sa hukumomin wasan da dama ke wajabta a rufe shi. In kuma ƙari za a yi, akwai guntun katako ko na kabon da ake shafa wa gam mai narkewa da zafi a cusa a ƙarshen. A tuna cewa ƙari na sa sanda ta ɗan yi laushi, kishiyar abin da yanka ke yi.

Tef na yadi ake naɗa wa tafi. A fara shimfiɗa tsiri ɗaya a tsawon ƙarƙashinsa, inda ya fi gogar ƙanƙara, sannan a naɗa daga dunduniya zuwa goshi, kowane zagaye ya hau rabin na bayansa, a ja shi tamau kada ya yi tattara. A murje shi da faifai ya kwanta, a shafa kaki don kada garin ƙanƙara ya manne ya jiƙa shi. A ƙarshen ƙota a yi ɗan dunƙule da tef, daidai yadda ƙaramin yatsa zai tokare da shi, wanda kuma zai sa a iya ɗaukar sanda daga ƙasa da safar hannu in ta faɗi. Da tef ya yage ƙarƙashi a canza shi, domin ta nan ruwa ke shiga.

Mafi yawan sandunan da suka mutu da wuri ba a kan ƙanƙara suka mutu ba. Wasa da sandar kabon kan kwalta ko siminti na cinye ƙarƙashin tafi cikin 'yan kwanaki; don wannan akwai sanduna masu tafin roba mai tauri, a ware ɗaya. Gasa tafin kabon da wuta don a ƙara masa kwarmi na lalata gam ɗin da ke riƙe zaren, dabara ce ta zamanin katako. Jingina ta jikin na'urar ɗumama ɗaki ma haka. Cikin tafin akwai wani soso mai tauri, in ya farfashe sai bugu ya mutu ko da waje lafiya lau. A riƙe dunduniya da hannu ɗaya, goshi da ɗaya, a murɗa: in ya ba da kai ko aka ji ƙas-ƙas, kwanansa ya ƙare. Manyan kamfanoni kan ba da garantin kwana 30 daga ranar saye, saboda haka a adana rasit. Sandunan da aka ƙera don ƙwararru aka sayar da rararsu yawanci ba su da wannan garanti, kuma taurinsu da kwarminsu na wani mutum ne daban, sai a duba da kyau kafin a ɗauka.

Wanda ya fara buga gasa ya je fili da sanda biyu masu tsawo ɗaya, lamba ɗaya, kwarmi ɗaya, domin doka ta ce da sanda ta karye a yar da ita nan take, wanda ya ci gaba da wasa da karyayya kuma minti biyu ne a waje. Yaro mai tasowa kuma a riƙa tsayar da shi da takalmansa duk bayan 'yan watanni a sake aunawa: da ƙarshen ƙota ya sauka ƙasa da haɓa sosai a sa ƙari, da nauyinsa ya haura lambar da nisa a hau rukuni na gaba. Sandar mai tsaron raga kuwa, mai faffaɗan allo a ƙasan ƙota, awonta daban ne gaba ɗaya, duk abin da muka faɗa a nan bai shafe ta ba.

Mun gode da filin da ka ba mu. Wassalam.

Daga wasu masu bibiyar wasan hokin ƙanƙara